Bindigar Vernon Mai Araha

Tun da Vernon Tackett ya ajiye aikin tuƙa gireda a ma'aikatar hanyoyi ta ƙaramar hukumarsu, can kudancin Missouri, gidan da ya ishe shi da matarsa shekara da shekaru ya yi musu kaɗan. Ba ya sha, ba ya caca, rashin abin yi ne kawai ya same shi da rana tsaka. Ya gyara duk ƙofar da ke ƙara a gidan, ya koma ya gyara waɗanda ba sa yi. Ya jera wa matarsa Nadine gwangwanayen kayan ƙamshi daga dogo zuwa gajere, ranar da take da baƙi ta nemi kirfa ta rasa. In ta fita sayayya ya bi ta yana tura keken kaya, yana karanta mata abin da aka rubuta a bayan kowane kwali.

Wata safiya tana soya ƙwai, ya tsaya a bayanta ya ce wutar ta yi yawa. Ta kashe murhun, ta juyo da cokali a hannu.

"Baban Janelle, ka nemi abin yi."

"Ai ina yi."

"Wanda ba a kicin ɗina ba. Yaya Royce kullum sai ya ce ka zo filin harbi ranar Asabar. Ka je. Ko ba ka harbi komai ba ka sha iska, ni ma in samu in sha."

Royce Hubbell yayan Nadine ne, mai shagon taya a bakin babban titi, mutum mai tumbi da muryar da ake ji daga tsallaken hanya. Shi da Vernon sun daɗe suna irin zaman nan na surukai: in ɗaya ya kwanta asibiti ɗayan ne zai kwana a kujera, in ya warke kuma a koma tsokana daga inda aka tsaya.

Filin harbin tsohon ramin haƙar tsakuwa ne a bayan kantin abincin dabbobi, aka yi masa rumfar kwano da bencina. 'Yan tsofaffi ne ke taruwa, kowa da fulas ɗin kofinsa, harbin kaɗan, surutun da yawa. Vernon yana da bindigar farauta da ya gada wurin mahaifinsa, da ita yake neman talo-talon daji in lokacinsa ya zo, amma ƙaramar bindigar hannu bai taɓa damuwa da ita ba.

Royce ya buɗe wani akwati mai shimfiɗar karan-miski, ya fito da tasa. Wani maƙerin bindiga ne a Texas ya haɗa masa, ƙarfen na ɗaukar ido, mariƙin katako ne mai duhu an yi masa zane. Ya sunkuyo ya raɗa wa Vernon kuɗinta a kunne, raɗar da sai da mutumin ƙarshen benci ya ajiye kofinsa.

"Ai wannan kuɗin ƙaramar mota ne," in ji Vernon.

"Shi ya sa na ce ka zo kallo, suruki. Kallo kyauta ne."

Wani dogon tsoho mai gemu da ke gefe ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Arlis Boudreau ke nan, mai shagon jingina kusa da kotu. Ya zare gidan harsashin tasa, ya duba cikinta, ya nuna wa Vernon babu komai, sannan ya miƙa masa. Baƙa ce, ba kyau ko kaɗan, amma da Vernon ya riƙe ta sai ya ji ta zauna a tafinsa daram.

"Mai araha na saya," in ji Arlis. "Sauran duk aikin hannuna ne. Ka ga mariƙin nan? Roba ce. Ƙarfen soda na masu gyaran rediyo na ɗauka na bi ta ɗigo-ɗigo har ta yi kaushi kamar harshen kyanwa, ko gumi kake ba za ta zame ba. Ƙusoshin saiti da ake auna harbi da su na canza, fentin ma ni na yi."

Vernon ya juya ta, ya sake juya ta. Shekarunsa duk ya yi su yana miƙe hanya da ƙatuwar mota, bai taɓa sanin akwai aikin da ake yi a zaune, da tabarau a ƙarshen hanci, kuma ba wanda zai zo ya ce an yi latti ba. A hanyar gida ya yanke shawara. Zai sayi mai araha, ya mayar da ita abin da Royce zai yi shiru in ya gani.

Sai dai yanke shawarar saye daban, zaɓe daban.

A cikin akwatin gilashin shagon Arlis, tsakanin zoben aure da agogunan hannu, akwai guda uku da aljihun Vernon zai iya ɗauka. Ta farko tsohuwar bindigar 'yan sanda ce, ƙarfe zalla, nauyinta kamar guduma, gefenta ya koɗe saboda shiga da fita a kube. Ta biyu sabuwa ce fil, ƙirar ƙasar waje, rabinta roba, kwaikwayon wata sananniya aka yi. Ta uku 'yar ƙarama ce mai walƙiya kamar cokalin biki, ita ta fi duka araha.

"Wannan mai walƙiyar ka manta da ita," in ji Arlis tun ranar farko. "Kamfanin ya rufe. In wani abu ya karye a cikinta sai dai ka danne takardu da ita."

"Ta 'yan sandan fa?"

"Lafiyayya ce, za ta binne ni da kai. Amma ƙarfe ce. Me za ka yi mata da ƙarfen soda? Sai dai ka ƙona kanka."

"To ta robar ke nan."

"Ita ce ta masu wasa irinka. Duk kayan da aka ƙera wa ta asalin suna shiga jikinta, kuma kasuwa cike take da su. In ka ɓata ta ba za ka yi kuka ba. Abu ɗaya kawai, cikinta ka bar wa maƙeri. Kai dai ka tsaya a waje."

Vernon ya gyaɗa kai, ya ce zai je ya yi tunani. Ya yi tunanin, ya dawo washegari da sabuwar tambaya. Shin robar ba ta tsagewa in sanyi ya yi yawa? Arlis ya ce a'a. Jibi ya dawo ya ce ya ji a rediyo ƙarfe ya fi riƙe daraja. Arlis ya ce to ya sayi ƙarfen. Gata kuma ya zo ya ce ai in kamfani ya rufe, wata rana kayansa za su zama na tarihi, ko ya ɗauki mai walƙiyar ne? Arlis ya dube shi ta saman tabarau.

Haka ganyen itatuwa ya yi ja, ya zube, Vernon yana zaɓe. Arlis ya gaji da ganinsa a tsaye ya jawo masa kujera. Daga baya ya kawo masa kofin shan kofi nasa na kansa. Masu shigowa suka fara ɗauka ma'aikacin shagon ne, shi kuma kunya ta hana shi musantawa. Wata rana Arlis ya dawo daga cin abincin rana ya tarar Vernon ya sayar wa wani manomi injin yankan itace, har ya raka shi mota yana yi masa bayanin yadda ake wasa haƙoransa.

"Kai da ka kasa sayen abu ɗaya a shagon nan, kana sayar wa mutane?" in ji Arlis.

"Ai shi ya san abin da yake so."

Royce kuwa duk Asabar sai ya tambaya. "Ina bindigar, suruki? Ko har yanzu ana neman aurenta? Ka yi sauri kada iyayenta su ba wani."

Abin da ya kawo ƙarshen zancen shi ne ranar da Nadine ta biyo ta ɗauke shi za su je gaisuwar rasuwa. Ta shigo da baƙar rigarta da jaka a hammata, ta tarar da bindigogin uku a jere kan wani ƙyalle, mijinta ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan ya auna nauyinta a tafi kamar mai sayen kankana.

"Arlis, ina kwana. Har yanzu?"

"Har yanzu, Nadine."

Ta matso ta dube su. Ba ta taɓa ko ɗaya ba.

"Wacce ce ta fi bukatar aiki?"

Arlis ya nuna ta robar.

"In ya saye ta, zai kai yaushe yana fama da ita a gareji?"

Arlis ya dubi Vernon, ya dubi silin. "Yadda na san shi, har bazara."

"Naɗe mana ita."

Vernon ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Ka tsaya a yi maka binciken sunan da ake yi wa mai sayen bindiga, ina mota. Kada ka sa mu tarar an gama addu'a." Aka yi abin da doka ta ce, Vernon ya fito da kwali a hammata, yana jin kamar an sauke masa buhun siminti daga kai, ko da yake a mota sai da ya ce shi ma ita yake shirin ɗauka.

Ya share teburin gareji, ya kafa fitila mai wuya, ya sayo ƙarfen soda, ya kulle harsasai can a akwatin ƙarfe na ɗakin kwana don kada su haɗa ɗaki da aikin. Ya kwance bindigar yadda Arlis ya koya masa, ya ɗaure mariƙin a matsi, ya jona ƙarfen har ya yi zafi. Ya kawo bakinsa dab da robar. Sai hannunsa ya tsaya.

Arlis ya ce in ya ɓata ba zai yi kuka ba. To Arlis bai san shi ba. Abu sabo, ko ƙwarzane babu, a ce mutum ya ɗauki wuta ya dangwala masa? In ɗigon farko ya karkace fa? Ya zare ƙarfen daga wuta ya ce bari ya fara gwadawa a kan wani abu.

Murfin bokitin fenti ya fara ɗauka. Ɗigon suka fito wani babba wani ƙarami, kamar kaji sun bi ta kan taɓo. Ya gama da murfin ya koma kan bokitin. Ya yi mariƙin shebur ɗin kwashe ƙanƙara, ya yi na tocila, ya yi na akwatin kayan kamun kifi. Hannunsa ya fara faɗawa, amma robar gareji ta ƙare. Ya shiga cikin gida.

Nadine ta zauna za ta kalli labarai da yamma, ta ɗauki rimot ta ji shi kamar bayan kada.

"Me ya sami wannan?"

"Ba zai ƙara zame miki ba."

"Da zamewa yake?"

Da safe ta ɗauki burushin gashinta, shi ma haka. Mariƙin tukunyar kofi, haka. Ta shiga banɗaki ta fito riƙe da burushin wanke masai ta tsaya a ƙofar gareji.

"Vernon, bindiga na saya maka. Ga ta can ko taɓa ta ba ka yi ba, ka bi min kayan gida da wuta. In na wayi gari na ga ɗigo a jikin haƙoran robana, gidan Yaya Royce za ka koma."

Amma ba ta yi ƙorafi kan wuƙar fere dankalinta da ya yi wa ɗigon ba. Yatsunta sun daɗe suna ciwo, in hannunta ya jiƙe wuƙar kan juya mata. Yanzu ta daina. Ba ta gaya masa ba, sai dai ta tafi da ita coci ranar da mata ke dafa abincin taro, wuƙar ta zaga hannu-hannu. Asabar ɗin da ta biyo baya Vernon ya leƙo ya ga motar Opal Dinkins a ƙofar gida, gwauruwar da ke kaɗa molon coci tun yana saurayi, ta fito tana tura keken nan na tsofaffi mai ƙafa huɗu.

"Ɗan nan, an ce kai ne mai yi wa abu ƙuraje. Mariƙin nan santsi gare shi, saura kaɗan ya kayar da ni a matakalar gidan waya."

Ya yi mata. Ta biya shi da kek ɗin tuffa. Daga nan sai ga almakashin lambu, ga sandunan dogarawa, ga ludayi, har fasto ya aiko da mariƙin injin yankan ciyawar coci. Sanyi ya shigo sosai, Vernon yana gareji da 'yar hita a gindin ƙafa, yana ɗiga wa kayan rabin garin wuta, bindigar kuwa tana kwali tana jira.

Ranar da ya taɓa ta, bai shirya ba. Ya gama da wata sandar dogarawa, ƙarfen da sauran zafi, ya ga ba abin da ya rage a teburin. Ya jawo ta ya ɗaure, ya fara, bai ba kansa lokacin tsoro ba. Kafin Nadine ta kira shi cin abinci ya gama gefe ɗaya, ɗigon a jere reras kamar saƙar zuma. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa. Bayan kwana kaɗan ya gama ɗayan gefen, ya kai wa Arlis ya sa masa sababbin ƙusoshin saiti. Arlis ya riƙe mariƙin, ya matse, ya saki.

"Ya fi nawa," ya ce, kamar wanda aka tilasta.

Saura fenti. Irin fentin da ake yi wa bindiga sai an gasa shi ya kama. Vernon ya dubi tanderun kicin sau ɗaya, Nadine ta ce, "Ko a mafarki," bai ƙara duba ba. A shagon Arlis ya samu wani ƙaramin tanderun gasa burodi da mai shi bai dawo ya fansa ba. A nan kuma, ƙarƙashin kanta, akwai kwalin gwangwanayen fentin bindiga da wani ya jinginar, ruwa ya taɓa su takardun jiki sun goge, sai launin murfi kawai ake gani. A ranar kuwa, Arlis ya tafi wurin likitan haƙori ya bar masa shagon. Vernon ya durƙusa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ware mai murfi ruwan toka, irin tokar jirgin ruwan yaƙi, launi na maza masu natsuwa. Ya ajiye kuɗin a ƙarƙashin injin kuɗi ya tafi da shi.

Bai nuna wa kowa ba. Ya rufe ƙofar gareji, ya buɗe taga, ya ɗaure hanci, ya fesa. Ya ga bai gamsu ba ya ƙara fesawa. Ya gasa, ya bari ta huce, ya haɗa ta. Da ya ɗaga ta a hasken fitila sai da ƙirjinsa ya cika. Nadine ta ƙwanƙwasa ta ce ko za ta gani, ya ce a'a, yayanta ne zai fara gani, yana so ya kalli fuskarsa da kyau.

Asabar ta farko da rana ta fito da ɗan ɗumi, ya isa filin harbi kafin kowa ya gama kofin farko. Ya ajiye akwatin a tsakiyar benci, ya jira Royce ya gama labarin wata mata da ta zo da taya uku iri daban-daban. Sannan ya buɗe.

Aka yi tsit. Shirun da Vernon ya yi watanni yana jira ke nan, sai dai bai zo da fuskar da ya zata ba. Arlis ya cire tabarau ya goge ya mayar. Wani tsoho ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Royce ya sunkuyo ya dubi bindigar, ya ɗago ya dubi Vernon, kumatunsa suka kumbura.

"Suruki," ya ce a hankali, "ta jikarka ce?"

"Wace jika? Tawa ce."

"Wane launi ne wannan a wurinka?"

"Ruwan toka. Irin na jirgin yaƙi."

Royce ya zauna a kan benci. Ya yi dariya har hawaye ya zubo, ya yi tari, wani ya bubbuga masa baya.

"Vernon," in ji Arlis, yana ƙoƙarin riƙe fuska, "ruwan hoda ce."

"Ƙarya kake."

"Ruwan hoda shar. Kamar hancin ɗan alade."

"Kamar maganin ciwon ciki," in ji na ƙarshen benci.

"Kamar alawar audugar da ake sayar wa yara a kasuwar baje koli," in ji Royce da ƙyar. "Wane jirgin yaƙi? Jirgin da zai je yaƙi da wannan launin, abokan gaba za su fito da faranti."

Vernon ya ɗaga ta ya kalla a rana. Toka yake gani, toka mai kyau. Ya san tun yana yaro ja da kore kan rikita shi, danjar titi ma da matsayin fitila yake gane ta, amma ba wanda ya taɓa ce masa abin ya kai nan. Ya ɗauka haɗa baki suka yi. Ya tare matar mai kantin abincin dabbobi da ta fito zubar da shara, ya nuna mata akwatin daga nesa ya ce don Allah wane launi ne. Ta ce, "Kai, ta yi kyau. Ta Nadine ce?"

Ya dawo wurin benci. Ya toshe kunne, ya sa harsashi, ya tsaya a layi. Harbin farko ya tashi lafiya, ya huda allon da ake auna harbi can gefe, inda ya saba hudawa da bindigar kowa. Na biyu ya ƙi. Ya zare gidan harsashi, ya fitar da wanda ya maƙale, ya ajiye ta bakinta na kallon tudu. Arlis ya duba ya ce fentin ya yi kauri a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, a kankare kaɗan zai wuce.

"Ka ga ba launin kawai ba," in ji Royce, "har da kitse gare ta."

Da ya isa gida ya ajiye akwatin a teburin kicin ya buɗe. Nadine ta duba, ta kama leɓenta na ƙasa da haƙori.

"Faɗi," ya ce.

"Aikin ya yi kyau."

"Launin nake tambaya."

"Ruwan hoda ce, Baban Janelle."

Ya ja kujera ya zauna. Can ya ɗago. "Me kuma nake da shi mai wannan launin?"

Ta ɗauki tsumma ta fara goge teburin da ba datti.

"Nadine."

"Hular da kake zuwa aiki da ita."

"Wacce? Mai tokar nan da na yi shekaru ina sawa?"

"Ita."

"Kika bar ni?"

"Kai ka sayo ta da kanka, ka dawo kana murna an yi maka ragi. Me zan ce? Kuma tana yi maka kyau."

Ya tuno fuskokin abokan aikinsa. "Shi ya sa suke ce min Uwar Amarya?"

"Kai me ka ɗauka?"

"Na ɗauka don ina da tsafta ne."

Nan Nadine ta kasa. Ta dafa tebur tana dariya, ya harare ta, ya ci gaba da hararar har ya ji nasa bakin yana motsi. Ta zuba masa wake da burodin masara, ta ce in yana so gobe su je tare ta zaɓo masa toka ta gaskiya ya sake fesawa. Ya ci rabin kwanon kafin ya amsa. Ya ce a'a. Shi ne mai kallonta, kuma a idonsa babu abin da ya same ta.

Ya kankare inda Arlis ya nuna, ta daina maƙalewa. Duk Asabar yana zuwa da ita. 'Yan filin suka raɗa mata Alawa, sunan ya bi ta, har shi ma ya koma kiranta haka. Harbinsa bai canza ba, yana nan tsaka-tsaki, amma bai taɓa fashi ba.

Wata Asabar da mutane ba su da yawa, Royce ya matso kusa da shi yana murza yatsun hannun damansa da suka fara kumburi a gaɓoɓi. Ya yi maganar yanayi, ya yi maganar tsadar taya, sannan ya ce ba tare da ya dube shi ba, "Ba ni abar nan in ji yadda take. Don in samu abin dariya kawai."

Vernon ya miƙa masa. Royce ya riƙe ta, ya gyara riƙon, ya yi shiru. Ya tsaya a layi ya harba har gidan harsashin ya ƙare. Da aka je duba allon, ramukan duk sun taru wuri ɗaya, tafin hannu zai rufe su. Tun da hannun ya fara damunsa bai yi irin wannan harbin ba, kuma kowa a wurin ya sani.

"Iska ce ta kwanta," in ji Royce.

Abin da bai lura ba shi ne Arlis na tsaye a gefensa ya ɗauke shi hoto da waya. Kafin sati ya zagayo hoton yana manne a bangon kantin abincin dabbobi, kusa da sanarwar 'yan maruƙan sayarwa: Royce Hubbell, tumbi gaba, ido ɗaya a rufe, fuska a murtuke, Alawa a hannu.

Royce ya nemi Vernon ya sayar masa da ita ya sake mata fenti, Vernon ya ƙi. Ya ce to a yi wa tasa irin wannan mariƙin, Vernon ya ce katako ba ya jin ƙarfen soda, sai dai ya ci wuta. Dole ya koma aro. Duk Asabar sai ya gama zagin launin tas, sannan ya miƙo hannu ta gefe kamar mai karɓar cin hanci.

Hoton kuwa mai kantin ya ƙi cirewa, ya ce tun da aka manna shi ciniki ya ƙaru. Masu zuwa shagon taya suka riƙa tambayar Royce, shi kuma yana ce musu hasken rana ne ya ɓata hoton, bindigar ruwan toka ce, in ba su yarda ba su je su tambayi mai ita.